Bokitin da Na Juye wa Baƙuwar Masallaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi gadin masallaci da bokitin ruwan goge ƙasa ba.

Watannina kaɗan da zuwa Bronx, can ƙasar Turawa, wurin gwaggona. Masallacinmu na unguwar Concourse Village tsohon ginin jan bulo ne, asalinsa wurin ibadar Yahudawa. Da suka bar unguwar, mutanenmu suka kama hayarsa. Benen da matansu ke zama shi ne wurin sallarmu mata, kuma ni ke share shi duk Alhamis.

A lokacin mai ginin na neman sayar da shi a rushe, ga labarin masu ɓata masallatai yana ta yawo a waya. Kowa a tsorace yake, ni kuwa na fi kowa.

Ina goge tagar bene sai na hango wata tsohuwar Baturiya a bakin ƙofa. Ta zura yatsa cikin wani ɗan rami karkatacce a jikin katakon ƙofar, ta sumbaci yatsan, leɓenta na motsi. A garinmu in mutum ya tsaya ƙofar mutane yana tofi yana laluben rami, an san sunan aikinsa. Na ce wallahi ba a idona za a binne mana asiri ba. Na ja Ayatul Kursiyyu (rabi na tsallake don gigita), na buɗe taga, na juye mata bokitin kaf.

Ina saukowa da ƙarfin gwiwa, sai ga liman da dattawan kwamiti cikin manyan riguna, sun fito taryar baƙuwa. Ita ce baƙuwar. Ashe kakanta na cikin waɗanda suka gina wurin, kuma washegari za ta yi magana gaban hukuma don a sa ginin cikin kayan tarihi, a hana rushe shi. Ramin kuwa, in ji liman, nan mutanensu Yahudawa ke ajiye ayoyin Attaura, kamar yadda muke rataya aya a saman ƙofa.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, abin da mai gini ya kasa, ke kin gama mana shi da bokiti ɗaya."

Tsohuwar ta juya tana neman tasi, ruwa na ɗiga daga gashinta. Na rantse ba ni zan zama sanadin rushe masallacin nan ba. Na sha gabanta, na durƙusa a bakin titi, na lulluɓa mata mayafina. Turancin sakandarena duk ya gudu, sai "sori" nake ta jerawa har ta gaji ta biyo ni sama.

Muka sa mata abayar Gwaggo. Tsohuwar ta daɗe tana kallon benen, ta nuna inda mahaifiyarta ke zama. Sannan ta yi wata magana, Gwaggo ta fassara mini: "Wai a zamaninsu alewa mata ke jefowa daga nan ranar biki. Ta ga an samu ci gaba."

Washegari ta je ta yi maganarta, tana atishawa. Ginin na nan tsaye, ni ma ban bar sharata ba, ramin nan ma da auduga nake goge shi. Sai dai yanzu in tsoro ya kama ni, nakan ajiye bokiti tukuna, sannan in tambayi wane ne a ƙasa.