Fuskar Mai Girma a Kan Gwangwanin Kifi

Jama'a, yau da yatsu uku nake muku rubutu, sauran biyun na ƙona su a bakin buta. Ba shayi nake dafawa ba. Fuskar wani babban mutum nake turarawa da tururi don ta ɓare.

Wata biyu da suka wuce Mai Girma Shugaban Kwamitin Tausaya Mana, Allah ya ƙara masa tumbi, ya raba wa unguwarmu tallafi. Mun nemi a gyara mana famfo, sai aka ba kowane gida katan biyu na kifin gwangwani, irin babban nan da ake kira tuna. Kowane gwangwani an liƙa masa hoton Mai Girma yana murmushi har kunne. Wallahi na yi murna. Ni da rabona da kifi tun bikin ƙanena, sai ga ni ina sakace a ƙofar gida don masu wucewa su shaida. Maƙwabcina mai walda har ya daina amsa sallamar wanda bai samu katan ba.

Mai ɗakina tana da cikin wata shida, na fari bayan shekara tara muna jira. Na ce duk wani daɗi nata ne. Da safe kifi da burodi, da rana kifi da shinkafa, da yamma kifi da kifi. Idan ta ce ya ishe ta, in ce, “Ci mana, ɗan nan sai ya fito da ƙwaƙwalwar injiniya.”

Jiya na raka ta awo, ina ta baza wa nas labarin irin kiwon da nake yi. Sai ta ajiye biro.

“Malam, kullum?”

“Sau uku, ranki ya daɗe!”

“Ka san zaiba? Ruwan nan mai sheƙi na cikin tsinken awon zafin jiki. Babban kifi yana tara irinta a jikinsa. Jefi-jefi ba laifi, amma kullum ga mai ciki, ƙwaƙwalwar jaririn ake ji wa tsoro. Ba ka duba jikin gwangwanin ba?”

“Na duba mana. Murmushi yake yi.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗibi jinin mai ɗakina, ta ce mu dawo bayan mako guda, kifin kuma a dakata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Shi ne yau da safe na ɗora buta. Da fuskar Mai Girma ta ɓare, sai ga rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, daidai ƙarƙashin haɓarsa: masu juna biyu su taƙaita ci. Kun ga hikima? Bawan Allah bai so hankalinmu ya tashi ba, sai ya rufe gargaɗin da fuskarsa. Ina ake samun shugaba irin wannan!

Na kwashi gwangwanin da hoton na nufi ofishin kwamiti. Sakatare ya saurare ni yana yagar cinyar kaza.

“Wa ya ba ka izinin ɓare hoton?”

“Yallaɓai, matata ce...”

“Ka san awa nawa aka yi ana ɗaukarsa? Dubi yadda ka yage masa kunne! Rubuto takardar ban haƙuri, kwafi uku. Maganar zaiba kuma ba sashenmu ba ce, mu kifi muka raba.”

Na rubuta, jama'a, me zan yi? Har na yaba da tsarin haƙoran Mai Girma a sakin layi na biyu.

Na dawo gida na tarar da mai ɗakina a kan tabarma tana cin ƙwai da lemo, kamar yadda nas ta ce. Na zauna na kasa haɗa ido da ita, don ni ne mai buɗe gwangwanin da hannuna. Ta kamo hannun nan nawa da ya ƙone ta ɗora a kan cikinta. Sai na ji dam! Aka ƙara, dam!

“Ka ji shi?” in ji ta. “Tun ɗazu yake nemanka.”

Ban sani ba ko gaisuwa ce, ko ƙara yake shigarwa. Ko ma wacce ce, na amsa masa nan take, ban ce ya kawo kwafi uku ba.