Fure Na Biyar a Rigar Paska

"…Ya gida, ya 'yar ƙaramar? Ya kuma Samson, ɓarawon da ya ɗauke mini mata ina zaune?"

"Lafiyarsa lau. Ya ce a gaida tsohon da aka ƙwace wa, wai ka yi haƙuri ka nemi sa'arka."

Dorkas ke nan, jikata, 'yar ɗiyata ta fari. Tun tana rarrafe nake kiranta amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe take ce mini ango mai sanda, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗayanmu ya sha zagi ba. Amma ran nan, Asabar ɗin jajibirin Paska, ta sauko daga kabu-kabu da ƙarfe takwas da kwata na safe, ba ta yi kokawar ƙwace mini kujera kamar yadda ta saba ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa da ƙullin baƙar leda a hammata, tana matse shi kamar wadda ta sato kaza.

Na san abin da ke cikin ledar, domin ni na ba ta shi ran Laraba. Riga ce ta 'yar shekara biyu, fara, da furanni biyar na zare a gabanta. Marigayiya matata Veronika ta ɗinka ta da hannu a 1981, a ɗakin da kamfanin haƙar ma'adinai ya ba mu a Akokan, nan gefen Arlit, da yankin zanen gadon da aka ba mu ranar aurenmu a Maradi. Duk 'yar da aka haifa a gidanmu, Paskar farko bayan ta fara tafiya da ƙafarta, da wannan riga take shiga majami'a. Bana layi ya zo kan Hosana, 'yar Dorkas. Kuma bana ce Paskarsu ta ƙarshe a Arlit. Tun da aka rufe ramin ma'adinin Akokan Samson yake faɗi-tashi, yanzu ya samu aiki a Maradi, ran Talata za su hau mota. Na so in ga rigar matata ta sake wucewa tsakanin bencinan nan sau ɗaya, ina da rai.

Na ce ta buɗe. Ta ce in fara rantsewa ba zan suma ba, don ba ta da ƙarfin ɗaga tsoho. Sai ta buɗe.

Ƙirjin rigar ya yi jawur da manja. Ƙasa da shi, ta wajen hagu, ga wani tabo mai ruwan ƙasa kamar tafin hannun yaro. Na ɗaga ta ga haske. Ta ba ni labari tana kallon ƙafarta: ran Alhamis ta sa wa yarinyar rigar don ta ɗauki hoto ta aika wa uwarta, minti biyu kawai. Maƙwabciyarsu Fatimatuzzahra ta shigo da shinkafa da miyar manja, da mangwaron da motocin kudu suka fara kawowa. Waya ta yi ƙara, Dorkas ta juya baya. Sauran yana rubuce a jikin rigar.

"Wannan ai ba riga ba ce, taswirar ƙasa ce," na ce. "Ga Agadas, ga Tawa, ga hanyar da ta haɗa su har da ramukanta. Na sake ki, amarya. Saki uku."

"Kirista da saki uku? Bari in ga fasto gobe."

"Fasto zai ce na yi jinkiri."

"To ka sake ni sau ɗari, ni ce dai mai kawo maka kunu. In na tafi wa zai kula ka? Ko awakin unguwar nan sun gaji da labarinka."

Da ta faɗi haka ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ni kuma na tashi na ɗauko roba.

Ya kamata in faɗi wani abu game da kaina, don a gane dalilin da ta kawo mini rigar. Shekara shida na yi a makarantar mishan, kuma kowace Asabar muna ɗakin wanki ƙarƙashin wata Baturiya da muke kira Madam, wadda kan ɗaga riga ga hasken taga kafin ta yarda an wanke ta. Daga nan na zo arewa, na yi shekara ashirin da tara a ɗakin wankin kamfani, ina wanke kayan aikin mutanen da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da baƙin mai har wuya. 'Ya'yana da jikokina duka sun tashi suna jin ina cewa tabo bai taɓa kayar da ni ba. Sun ji har sun haddace, suna ƙarasa mini maganar kafin in kai ƙarshenta.

Na tambaye ta da wane ruwa ta fara wankewa. Ta ɗaga kai da alfahari ta ce ruwan sanyi, yadda nake wa'azi tun kafin a haifi uwarta.

"Daga ina?"

"Daga famfo mana."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen biyu na rana."

"Amarya, a Arlit aka haife ki. Watan Afrilu, ƙarfe biyu, bututun yana kwance cikin rairayi tun safe. Ruwan nan ko ƙwai kika sa masa sai ya fito da bawo a sake. Dafa tabon kika yi, saura gishiri."

Ta ce famfo dai famfo ne, ba ita ta hura masa wuta ba. Na ce shi ya sa nake da randa, wadda take ce mata kabarin sauro. Da na ci gaba da bincike sai sauran laifin ya fito. Ta shanya rigar a bayan ƙofar ɗaki, cikin duhu, kwana biyu, don kada maƙwabta su gani labari ya riga ta zuwa wurina. Samson kuma ya sayo kwalbar jabel, ruwan nan mai cinye launi, saura kaɗan su zuba, zuciyarta ta hana ta. Na ce wannan kaɗai ne abin kirkin da ta yi tun da aka yaye ta, don jabel a kan yadin da ya haura shekara arba'in sai ya bar mata rami ta leƙa.

Na ɗebo ruwan randa, na kawo farin sabulu, da lemun tsami biyu, da tsohon buroshin haƙori.

"Ashe ga inda buroshin ya samu aiki," ta ce, "tunda masu gidan sun yi ƙaura."

"Haƙorana sun ga shekara saba'in, sun tafi da mutuncinsu. Naki kuwa alawa ta cinye rabinsu kina aji uku."

Na tura rigar cikin ruwa, na juya ta a ƙarƙashin kumfa yadda na saba, na goge daga ciki a hankali, ban fito da ita ba sai da na mayar da ita daidai. Na matsa lemun tsami a kan wuraren, na shimfiɗa ta jiƙe a kan tabarma a tsakar gida, inda rana ta fi zama. Na ce mata manja ba ya tsoron sabulu kamar yadda yake tsoron rana, kuma duk abin da Allah ya hana garin nan, bai hana shi rana ba. Aikinta shi ne duk lokacin da rigar ta fara bushewa ta yayyafa ruwan randa.

Muka zauna a inuwar rumfa. Na ba ta labarin wani Buzu da ya kawo mini rawaninsa na shuni, na wanke shi har ya koma fari, ya je gida matarsa ta ƙi buɗe masa tanti don ba ta gane shi ba. Ta ce bara raƙumi ne na wanke, bana rawani, ƙaryata ma ta fara tsufa tana raguwa. Na ba ta labarin motocin ma'aikata da kan yi layi da asuba, hon ɗinsu ya tashi gari duka, da yadda kakarta kan tsaya a bakin hanya da ƙwaryar ƙosai har ta ƙarshe ta wuce. Na ce a lokacin majami'armu sai an fito da benci waje, mutanen Maradi gefe, na Damagaram gefe, ana gasar wanda ya fi murya. Yanzu mu goma sha tara ne har da fasto. Wannan ba ta ce ƙarya ce ba. Ta tashi ta yayyafa ruwa.

Da ƙarfe sha biyu da rabi jan ya koma ruwan ɗorawa. Da ƙarfe biyu ya tafi, ƙirjin rigar ya yi fari kamar ba a taɓa cin abinci a duniya ba. Dorkas ta durƙusa tana dubawa, ta ce yau dai ta yarda ba a banza ta auri tsoho ba.

Amma tabon mangwaron yana nan. Ya yi haske kaɗan, ya zauna.

Na ce a sake zagaye na biyu. Sai dai yatsuna sun riga sun sandare, ciwon gaɓoɓin nan ba ya son ruwan sanyi. Ta karɓi buroshin ta hau goge tabon ta gaba, tana tura shi cikin yadin. Shekara sittin na horon Madam suka riga hankalina magana.

"Daga baya ake gogewa. Tabo ta ƙofar da ya shigo yake fita. Juya ta."

Ta juya ta, a fili, cikin hasken rana.

Kafin bana ban taɓa barin kowa ya wanke rigar nan ba, kuma ban taɓa barin kowa ya ga cikinta ba. Ko wankin da Dorkas ta yi ran Alhamis ta gaba ta yi shi, ba ta juya ta ba. Daga gaba furannin cike suke, zare kan zare. Daga baya kuwa ɗinkin Veronika tsalle-tsalle yake yi, yadin yana leƙowa tsakanin zaren. Dorkas ta kai rigar kusa da idonta, ta bi furannin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ango mai sanda. Mene ne wannan a bayan furen?"

"Inuwar zare ce."

"Inuwa mai ruwan zoɓo? Wannan kuma fa? Kai ka ce mana Kaka ta ɗinka fure ɗaya don albarkar kowace 'ya."

"Haka ne. Kowace 'ya ta zo da albarkarta, aka rufe."

Ba ni da wurin gudu, sai na faɗa mata. Na sama zoɓo ne, uwarta ta kifar da kofi a jikinta kafin a gama addu'ar rufewa. Na kusa da shi mangwaro ne, aikin ƙanwar uwarta. Ɗan ƙaramin na ƙanwar Dorkas ne. Babban na tsakiya, wanda matan majami'a suka fi yabo, nata ne: ta ƙwaci goro daga hannun baƙo, ta tauna, ta ga ba daɗi, ta mayar wa rigar. Kowanne na yi kwana biyu ina fama da shi. In na gaji, Veronika ta karɓa, ta ɗauko allura.

Dorkas ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa.

"Mu huɗu muka sa rigar nan. Furanni biyar ne." Ta ɗaga na ƙasa, kusa da lafin, inda wani baƙi-baƙi mai tsini ya leƙo ta tsakanin koren zare. "Wace jaririya ce a gidanmu ta ci dutsen guga?"

Shekarar 1983 ce, Asabar irin wannan. Ina gugar rigar da dutsen gawayi, Veronika tana tsakar gida tana bitar waƙar da za ta jagoranta washegari. Na tsaya ina saurarenta, dutsen ma ya tsaya. Da ta shigo ta ga abin da na yi, sai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce in ci gaba da taƙamata a gari, ita za ta riƙa bina da allura. Ta riƙe maganar nan shekara talatin da shida, ta tafi da ita.

Dorkas ba ta yi dariya nan take ba. Ta shafa furen da babban yatsanta, ta juya fuska wajen randa ta ce lemun tsami ya shiga mata ido.

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin madarar da Veronika ke ajiye zarenta. Allurar tana soke a jikin ƙyallenta yadda ta bar ta. Na ajiye shi a cinyar jikata.

"Mangwaron ya kayar da ni. Ki ɗinka na shida kafin rana ta faɗi. Ran Talata kuma ki sa rigar da gwangwanin cikin kayanki, can Maradi ne 'yan matan suke yanzu."

Ta buɗe gwangwanin tana tona zaren, ta ce ja ya kusa ƙarewa. Na ce wajen rufe ɓarnarta ya ƙare. Ta zaɓi ruwan ɗorawa, ta lashi bakin zaren, ta zura shi a karo na uku.

"In matan Maradi suka tambaye ni ma'anar furannin?"

"Ki ce fure ɗaya ga kowace 'ya."

"Na biyar ɗin fa?"

"Ki ce ado ne."

"A'a. Zan ce na babban jaririn gidan ne, wanda tabo bai taɓa kayar da shi ba."

Na yi dariya har sandata ta faɗi, ban kuma ce ta ɗauko mini ba, don hannunta yana kan aiki.