Yadda Ake Ɗora wa Keke Madigadi Ba Tare da Kasuwa Ta Gane Ba Ka Iya Ba

Kai maƙerin da aka turo wa keke har bakin maƙera, ajiye guduma ka saurara. Ni Basharu, tun Nasara ba su shigo ƙasar Gwandu ba nake ƙira, kuma ba a taɓa jin "ban iya ba" a bakina ba. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari madigadi zai zauna, taya za ta juya, sunanka kuma zai kwana lafiya a kasuwa.

1. Kada ka ce ba ka taɓa gani ba

Ni dai, Usman masinjan alkali ne ya kawo mini nasa da damina. Ya juya mini baya, sai ga layin laka tun daga gindin riga har ƙeyar hula, kamar zanen bayan jaki. Ran Asabar zai kai takarda Kalgo, cikin farar rigar yayansa.

"Baba, ka san madigadi?"

A nan sunanka yake tsayawa ko ya faɗi. Namadi, maƙerin da ke tsallaken hanya, wanda shekara goma yake jiran ranar da zan kasa, ya riga ya daina zuga ya miƙo wuya. To, ka dubi sama, ka shafa gemu, ka ce, "Wane iri? Na gabas ko na yamma?"

Babu na gabas, babu na yamma. Amma wanda ka tambaya ba zai yarda ya nuna bai sani ba.

2. Sa shi ya koya maka da faɗa

Ɗaure fuska ka ce, "Faɗa mini aikinsa in ji ko kai ka sani. 'Yan zamani kuna hawa abu ba ku san sunan gaɓoɓinsa ba."

Nan take Usman ya zana mini a ƙasa: ƙarfe ne lanƙwasasshe da ke rufe saman taya, ya tare laka kada ta fantsamo. Ka gyaɗa kai ka ce, "Ka yi ƙoƙari." Sannan ka zagaya keken sau biyu, ka latsa taya, ka leƙa haƙoran da sarka ke bi, ka ce an bar dabbar nan da yunwa.

3. Samo ƙarfe

Garwar kananzir ta fi komai. In babu a maƙera, akwai a cikin gida, wadda uwargida ke ɗiban ruwa da ita. Tawa Hajjo ta tafi barka maƙwabta, na shiga na fito. Kada ka tsaya neman izini. Neman izini na jawo tambaya, tambaya kuma na jawo wata.

Yanka ta gida biyu, ka lanƙwasa a kan uwar maƙera, ka huda, ka zura waya.

4. Ɗaure tam

Duk wanda ya taɓa ɗaura wa doki sirdi ya san sakakken majayi ke kayar da mutum. Saboda haka na matse madigadi a jikin taya har allura ba ta samun wurin wucewa. Aiki ya yi kyau, har mai nama ya baro tukubarsa ya zo kallo.

Da aka juya taya sai ta ce ƙiiii.

"Baba, kuka take yi."

"Sabon takalmi ma yana kuka. Kuma na hutar da kai kaɗa ƙararrawa."

In mai keke ya ƙi gamsuwa, aike shi ya sha ruwa, ka sace iskar taya kaɗan. Da ta yi laushi sai ta daina gugar ƙarfe. In ya hau ya ce ta yi nauyi, ka ce masa ƙafarsa ce ba ta da tuwo.

5. Gwada a busasshiyar ƙasa kawai

Wannan matakin ni ban samu na bi shi ba. Ran Laraba, da hantsi, Usman na zagaya filin kasuwa ana tafi, sai Namadi ya ɗaga murya.

"Sarkin aiki, ai don laka anka yi shi. A gangara fadama mu gani mana."

Aka ɗunguma, har masu awo suka bar mudu. Usman ya taho da gudu ya faɗa laka. Laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe, ba ta da hanyar fita. Keke ya tsaya cak. Usman bai tsaya ba.

In haka ta same ka, kada ka ruga, girma ba ya gudu. Taka a hankali ka ɗaga shi, ka juya wa jama'a bayansa.

"Ku duba. Akwai ɗigo ɗaya?"

Babu kuwa. Bayan riga fes.

"To gaban fa, Baba?" in ji Usman, yana tofar da laka.

"Gaba ka kawo mini ƙara a kai?"

Aka yi dariya, amma na lura rabinta ba tawa ba ce. Namadi ya ce shi ran Asabar zai zo rakiya da kansa.

6. Ji maganar mace ba tare da an ga ka ji ba

Na tura keken zaure na zauna ina harararsa. Hajjo ta leƙo, ta dubi madigadi, ta gane tambarin da ke jikinsa.

"Maigida, garwata ce wagga?"

"Aikin alkali ne."

"Alkali shi ka ɗiban mini ruwa?" Ta tsuguna ta ƙwaƙulo laka da tsinke. "Kai ko tukunya in ta tafaso, danne murfi akai? Ai ɗage shi akai kaɗan, abin da za ya fita ya fita."

A nan ka ce, "Mi mace ta sani ga ƙarfe?" Ka faɗe shi da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Ka jira ta koma ciki. Sannan ka kwance waya, ka ɗaga madigadi har yatsu biyu su shige tsakaninsa da taya, gaba da baya da gefe, ka buɗa bakinsa na ƙasa, ka mayar da iskar da ka sace. Juya taya. Shiru kake ji.

7. Nemo wa ilmin asali

Asabar Usman ya ratsa fadamar nan a gaban Namadi, laka na zubowa ƙasa ta bayan taya. Litinin ya dawo daga Kalgo, riga fara sol, ya tsaya bakin maƙera jama'a suka kewaye shi.

Namadi ya zura yatsu tsakanin taya da madigadi, ya zaro, ya dube ni. "Wa ya ba ka wanga awo?"

"Yatsu biyu? Wurin kakana na gada."

Kakana ya rasu bai taɓa ganin ko amalanke ba, amma ba mai tashinsa ya tambaya. Sai dai ka fara duba hanya kafin ka faɗa. Ni ban duba ba. Hajjo na tsaye bayan mutane da tulu a ka, ta dawo daga rijiya. Ta yi gyaran murya, kowa ya waiwaya.

"Allah ya jiƙan kaka," in ji ta.

Kasuwa ta ce amin.

"Jiya na gane shi cikin barci. Ya ce garwa."

"Za a nemo," na ce.

"Biyu ya ce."

Mai nama ya ce lallai tsohon nan waliyyi ne, a yi masa sadakarsa da wuri. Namadi ya koma maƙerarsa. Kafin la'asar garwa biyu na tsakar gida, ni na ɗauko su da hannuna.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya karye, ko ya ɓata rigar aro, ko aka bar shi da tuwo ba miya kwana uku, kada ya doshi maƙerata, ban san shi ba. Wanda kuma ba shi da irin Hajjo a gida, ya tsaya ga ƙirar fartanya. Tawa ba ta duba keken kowa, na tambaye ta.