Rasuwar Farfelarmu ta Wangsa Maju

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da fargaba, ni Muttaka kafinta, mijin Malama Sharifa mai karatun digiri na uku, nake sanar da 'yan'uwa na unguwannin Wangsa Maju da Setapak, a nan ƙasar masu Malayanci, rasuwar farfelarmu ta katako, ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara kusan ɗari.

An haifi marigayiya a Jamus. Tsohon da ya sayar mana da ita ya ce ta yi aiki a hancin jirgin saman soja a yaƙin duniya na farko. Ba mu ga takarda ba, amma ba mu taɓa kama ta da ƙarya ba. Doguwa ce, falle-fallen katako da aka manne da gam. Ba ta shan wuta, ba ta ba da iska. In hadari ya haɗo takan ce "ƙas", ta yi shiru.

Funfuna ce ta fara kama ta. Aka yi mata abin da ake wa kowane katako a Kano, aka shanya ta a baranda da hantsi, rana tas. Kafin a dawo daga masallaci ruwa ya sauko, rana ta sake fitowa, gam ya saki. Ta buɗe kamar tsohon takalmi.

Ta bar ni, da Sharifa wadda ta karɓi labarin da haƙuri mai ban mamaki, da ƙusoshin bango, da 'yarmu Sauda. Sauda a nan ta yi wayo. In na yi mata Hausa da Malayanci take amsawa, sai ranar Asabar in muna goge marigayiya. A nan kaɗai take kiran tsumma tsumma, take ce mini Baba. Baɗi za mu koma gida, kakarta kuwa Hausa kawai take ji. Tun Talata ban ji kalma ɗaya daga bakin Sauda ba.

Ba za a binne marigayiya ba, masu gida sun hana haƙa. Ni da Sauda za mu yi mata wanka a falo, falle ɗaya duk Asabar, ba gaggawa. In sun ƙare za a duba ko akwai wanda bai wanku ba.

Masu ta'aziyya su zo da tsumma. Don Allah kada kowa ya gaishe da yarinyar da Turanci.