Rasuwar Bencin Ƙarshe na Makarantarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni maigadin makarantar firamaren unguwarmu, nake sanar da iyaye da malamai rasuwar bencinmu na ƙarshe, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a tagar aji biyar. Ya rasu yana da shekara goma sha tara, bayan 'yan'uwansa arba'in duk sun riga shi.

Marigayin mai haƙuri ne. Don mutum uku aka yi shi, amma yakan ɗauki bakwai, ba ya cewa komai sai "ƙiiƙ". Ni kaina a gefensa na hagu na koyi rubuta sunana ina da shekara arba'in da shida, bayan an tashi yara, malamin aji ɗaya yana gyara mini riƙon fensir. Bai taɓa yi mini dariya ba.

Ciwon ajalinsa aikin da muka ɗora masa ne. Duk ranar da mai duba makarantu ya zo, hedimasta yakan tsare shi da gaisuwa a baranda, ni da malamin lissafi mu fitar da marigayin ta tagar baya, mu shigar da shi ajin gaba kafin baƙo ya iso. Aji shida, benci ɗaya. Gudun kunya muke yi. Baƙon yakan leƙa daga bakin ƙofa, ya ga yara bakwai a jere a sahun gaba, ya rubuta cewa kowane aji yana da abin zama. Shi ya sa da aka raba sababbi bara, motar ta wuce ƙofarmu ko tsayawa ba ta yi ba. Ina tsaye, na riga na buɗe mata.

Ranar Talata ƙafarsa ta maƙale a taga. Malamin lissafi ya ce, "Baba, ja mana, ga mutumin nan tafe!" Na ja. Marigayin ya ce "ɓaras", ya rabu biyu a hannuna. Baƙon kuwa bai ma leƙa aji biyar ba, wai azuzuwan da ya gani sun wadatar. Kafintan da ya duba shi cewa ya yi, "Ina zan buga ƙusa, Baba? Duk jikinsa ramin ƙusa ne."

Ya bar yara ɗari uku da ɗoriya a ƙasa, da allo wanda ya daina kama alli, da 'yan aji shida, har da jikata, waɗanda za su rubuta jarrabawar shiga sakandare wata mai zuwa da takarda a kan gwiwa.

Za a yi zaman makoki a dukkan azuzuwa, kullum daga ƙarfe takwas. Mai zuwa ya taho da abin shimfiɗarsa. Jana'iza kuwa an ɗage ta, don hedimasta ya ce ba a binne wanda takarda ta nuna yana raye a wuri shida. Gawar tana ɗakin gadi, jingine da bango. An ce in adana ta da kyau, baƙo zai dawo zango mai zuwa.