Malam Nasansu da Ajin da Ya Ƙanƙance

"Ni fa ko tari ɗalibina ya yi a bayan katanga, zan gaya muku sunansa, da sunan ubansa, da abin da ya shaƙe shi! Na san su!"

Haka yake faɗa kowace safiya a ɗakin malamai, yana dukan ƙirji har garin alli na tashi daga rigarsa. Shi ya sa aka laƙaba masa Malam Nasansu, sunansa na gaskiya ya ɓace.

A makarantar nan akwai ɗan lokaci da aka ware kafin darasin farko, ana ce masa zaman safe. Kowane aji da malaminsa. Ba karatu ake yi ba. An yi shi ne don malami ya dubi fuskokin yara, ya gane wanda ya zo da yunwa, da wanda ya kwana yana kuka, da wanda aka ƙwace wa takalmi a hanya. Aiki ne na kunne da ido. To, Malam Nasansu baki kawai yake kawowa. Kunne yana barinsa a gida, ido kuma a aljihu, domin yana taka ƙofar aji yake cire tabarau. Wani mai ɗaukar hoto ne ya taɓa ce masa ya fi kwarjini ba tabarau. Ba tabarau kuwa, abokina, ba ya bambanta mutum da buhu.

Aji huɗu ne nasa, ƙartan samari masu tsiron gemu da 'yan mata masu iya harara. Da aka dawo hutu, Shugabar makaranta ta tara malamai ta yi sanarwa biyu. Ta farko: an mayar da aji huɗu sabon gini, an ba 'yan aji ɗaya tsohon ɗakinsu. Wannan ta wuce Malam Nasansu, don a lokacin yana ba na kusa da shi labarin yadda ya taɓa gane ɓarawon biro ta hanyar atishawa. Ta biyu kuwa ta shige shi har ƙashi: a ƙarshen zango za a naɗa babban malamin kula da ɗalibai, da ofishinsa, da fanka, da kujera mai juyawa. Wanda ya fi iya zaman safe shi zai samu.

Kujera mai juyawa! Tun yana saurayi yake mafarkinta. Gashi ya yi fari yana zaune a kan benci.

Washegari ya cusa tabarau a aljihu, ya faɗa tsohon ɗakin kamar guguwa.

"'Ya'yana! Ubanku ya dawo!"

Ƙananan yara sababbin shiga suka ƙame. Malaminsu na gaskiya, Malamin Lissafi, ya iso ƙofa, ya ji ana yi masa aikinsa kyauta da murya mai fasa rufi. Ya tsaya, ya yi tunani irin na masu lissafi, ya koma da sanɗa wajen shayinsa. Bai sake zuwa ba.

Kullum Malam Nasansu sai ya cika musu kunne da tarihin kansa: yadda ya zo na ɗaya, yadda ya ƙi zama likita don tausayin talakawa. Wata yarinya ta yi ta ɗaga hannu ta gaya masa.

"Malam, mu fa..."

"Na sani! Tun kafin ki buɗe baki na san damuwarki. Zauna!"

Ba wai bai lura da komai ba. Ya lura. Ya shigo ɗakin malamai yana murmushi.

"Kun ga aikin tarbiyya? Ƙartan nan nawa duk sun ƙanƙance. Muryoyinsu sun koma sirara. Wanda a da kansa ke taɓa saman ƙofa, yanzu ƙafarsa ba ta kai ƙasa in ya zauna."

"Ikon Allah," in ji Malamin Lissafi, yana hura shayi. "Gemun fa?"

"Ya koma ciki don kunya!"

Da zango ya zo ƙarshe, Shugaba ta ce gobe za ta zagaya ajinsa. Malam Nasansu ya shirya. Ya koya wa yara cewa in ya ce "Wa ya san ku?" su amsa "Malam!" Ya zaɓi wani ɗan mitsitsi a layin gaba, ya ce masa shi ne maraya, ya riƙa yin fuskar tausayi.

"Malam, babana yana nan da ransa. Shi yake kawo ni a babur."

"Kai, rufe mana baki! Ni za ka koya wa tarihinka?"

Ranar ta zo. Ya sa riga mai sitaci, ya tsaya a gaban allo, hannu ɗaya a sama. Ya jira. Hannu ya gaji, ya sauya. Maraya ya gaji da fuskar tausayi, ya fara gyangyaɗi. Can sai ga takun takalmin Shugaba, bayanta kuma wani dogon duhu yana biye, kamar an taso da daji.

"Wa ya san ku?" ya daka tsawa.

"Malam!"

"Sannu da aiki, Malam," in ji Shugaba a hankali. "Tun ɗazu nake nemanka a ajinka."

"Ai ga ni a cikinsa, ranki ya daɗe! Kowane ɗaya a nan, kamar ni na haife shi."

"Madalla. Kira mini sunan guda."

Ya yi gyaran murya. "Suna ai na baƙo ne, ranki ya daɗe. Ni zuciya nake sani. Ga wannan, maraya ne, ni ne gatansa."

"Babana ne direban motar makaranta a da," in ji maraya. "Ya ce in gaishe ki."

Shugaba ta juya wajen yaran. Sannan ta ce, "Yara, wane aji ne wannan?"

"Aji ɗaya!"

"Ƙarya suke yi don kunya!" in ji Malam Nasansu. "Ladabi ne ya..."

"Malam, sa tabarau."

Ya sa. Duniya ta fito sarai, ba tausayi. A gabansa 'yan yara ne waɗanda jakunkunansu suka fi su girma. A bakin ƙofa kuma, dajin nan da ya biyo Shugaba, ga aji huɗu nan reras, gemu ya ƙaru, harara ta nuna. Bai taɓa ganin fuskokinsu da kyau ba sai yau, kuma abin baƙin ciki, fuskoki ne masu kyau.

Shugaba ta ce, "Na je sabon gini na tarar ba malami. Sun jera kujeru a zagaye, kowa yana faɗin abin da ke damunsa, saura na saurare. Sun gano wadda ta daina zuwa saboda jinyar mahaifiyarta, sun bi ta gida sun dawo da ita. Masu faɗa sun shirya. A duk makarantar nan babu ajin da ya gyaru kamarsu."

Da wani mutum ne, da nan zai nemi ƙasa ta tsage. Ba Malam Nasansu ba. Ya hango kujerar tana juyawa tana yi masa nisa, ya kai mata cafka.

"Yauwa! Dabarata ta yi aiki! Reno daga nesa ke nan, ranki ya daɗe. Da gangan na janye jikina. Ku gaya mata, 'ya'yana, wa ya san ku?"

Wani ƙato ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi, a raɗar da kowa ya ji: "Wai wane ne wannan?"

Shugaba ta mayar da makullin ofishin nan mai kujera, wanda ta zo da shi a hannu, cikin jakarta, ta ja zif. Ta juya wajen aji huɗu.

"Kun cancanci kyauta. Me kuke so?"

Suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus. Monita ta fito, ta rusuna da ladabi.

"Ranki ya daɗe, abu ɗaya ne. Don Allah a bar mana Malam a inda yake."

Sai maraya ya fashe da kuka, na gaske wannan karon.

"Wayyo! To mu laifin me muka yi?"