Yadda Za Ka Sayi Dikoda Mai Naɗar Shiri Da Sunan Surukarka

Kana kwaɗayin dikodar nan mai naɗar shiri, wadda ke tsayar da ƙwallo ka je Magariba ka dawo ka tarar ɗan wasa na jiranka da ƙafa a sama, amma matarka ta ce buhun shinkafa ya fi? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ina tabbatar maka kafin sati za ta shigo falonka, matarka ce ma za ta share mata wuri. Ni na gwada, ba labari aka ba ni ba.

1. Nemo dalilin da ba ƙwallo ba

Kada kalmar ƙwallo ta fito daga bakinka. Jira wani abin alheri ya sami dangin matarka. Ni nawa ya zo a sama: 'yan talabijin suka je Zauro suka yi hira da surukata Inna, uwar Nazifa matata, a tsakiyar gonarta ta shinkafa, aka ce ranar Talata za a nuna, sau ɗaya tak. Sai ka ɓata fuska ka ce, "Yanzu Inna ta hito talabijin, a ce ya wuce hakanan? Ba da raina ba." Za ka ga an ƙara maka nama a miya.

2. Je kasuwa da fuskar masani

Ka shiga shago ka riƙa jujjuya kwali kana gyaɗa kai. Folorunsho, mai shagon da na je, Hausarsa ta fi tawa, kuma yana da mugun halin faɗin gaskiya. Ya ce mini, "Alhaji, wagga cikinta ƙarami ne. In ta cika, sai ka ɗebe wani abu kahin ka zuba wani. Ɗauki babba." Kada ka saurare shi. Mai sayarwa da ke ba ka shawara, aljihunka yake leƙe. Ɗauki ƙaramar.

3. Hana kowa ɗauka da waya

Wannan matakin shi ne martabarka. Ranar Talata, dangi za su cika falo, kowa ya ɗaga waya. Daka musu tsawa: "Ku aje wayoyinku, na'ura na aiki!" Ka aika wa dangi har Argungu ka ce kada kowa ya wahalar da kansa. Ta haka duk duniya kai kaɗai ke da Inna, minti huɗu cif, tana nuna zangarniya tana yi wa ambaliya faɗa.

4. Gano cewa surukarka ta tare a falonka

Nan ne ba a rubuta a jikin kwali ba. Matarka za ta koyi madannin tsayarwa kafin kai. Tawa kullum sai ta kunna, ta tsayar daidai inda Inna ta zuba wa kyamara ido, ta wuce kicin ta bar mu.

To kai ɗan mutunci ne. Tun da ka yi aure ba ka taɓa haɗa ido da matar nan ba, ba ka taɓa cin abinci a gabanta ba. Yanzu ga ta a talabijin mai inci arba'in da uku, kana kwance da singileti da loma a hannu. Ni dai na tsinci kaina na sauko daga kujera na durƙusa. Abokina Zayyanu ya zo kallon wasa, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya gaida bango, ya juya. Sati uku a zaure nake cin tuwo, ni da na sayi abu don jin daɗi. Wallahi abin ya ci mini rai.

5. Idan ciki ya cika, yi hukunci irin na maza

Ranar Asabar ɗin babban wasa na'ura za ta ce babu wuri, kamar yadda Folorunsho ya yi maka baki. Za ta jero maka abin da ke ciki: wasanni goma sha ɗaya da ka riga ka kalla, da Inna. Wasa tarihi ne, ba a taɓa shi. Inna kuwa tana nan da ranta a Zauro, duk mai son ganinta ga babur. Danna ka goge Inna. Na'ura za ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka tabbata.

A daren nan ka ci tuwonka a miƙe a kan doguwar kujera. Ka more shi da kyau.

6. Tarbi baƙi

Ranar Juma'a mota za ta tsaya a ƙofar gidanka a unguwar Gesse. Inna ce da mata tara na ƙungiyarsu ta manoma, sun ci ado, domin ita ba ta taɓa ganin hirar ba, ranar babu wuta a Zauro. Danna rimot. Sake dannawa. Cire batir ka ciza. Ka ce iska ce ta juya farantin satilayit.

Nazifa ta karɓi rimot, ta duba, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Wannan kallon ya fi zagi ciwo, kuma babu matakin da ke maganinsa.

Inna ba ta ko kalli inda nake ba. Ta ce wa 'yarta, "Bari kuka, ɗiyata. Ai ina tune da abin da nic ce. Tunda mutane sunka saba zuwa nan gani na, sai in zamna su gan ni."

Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaban talabijin, ta gyara mayafi, ta faro daga ambaliyar bara. Hirar minti huɗu ta ci awa biyu. Yau kwananta goma sha tara. Gobe mutanen Argungu ke tafe, mota biyu.

Togaciya

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko yaji, ko gaba, ko ciwon gwiwa saboda durƙuso. Mai ƙorafi ya same ni a zaure, nan nake karɓar baƙi yanzu, nan nake cin abinci. Ka yi sallama a hankali. Rimot yana hannun Inna, kuma na duba ko'ina, ita ba ta da madannin tsayarwa.